Dutsen niƙa, injin hannu ko na lantarki: wanne ya dace da mai son niƙa alkamarta a gida?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wanga bayani na yi shi ne don wadda ta riga ta ƙudura za ta rage dogaro da fulawar kanti, tana son ta riƙa niƙa alkamarta da kanta, amma ta rasa inda za ta dafa tsakanin dutsen niƙa irin na kakanninmu da injin dutse na lantarki da ake ta tallatawa a waya, ga injin hannu a kasuwa, ga kuma mai injin unguwa da kullum yana nan. Kowanne na da wurin da ya yi zarra da wurin da ya gaza, kuma mafi yawan kuɗin da ke salwanta a harkar nan ba don kayan ba su da kyau ba ne, a'a, an sayi abin da bai dace da gidan ba ne kawai.

Bari mu fara da ita alkamar, don ita ke juya komai. Ƙwayar alkama kashi uku ce: farin cikin nan da ya kai wajen kashi 83 cikin 100, sai dusa wajen kashi 14, sai ɗan idon da tsiro ke fitowa, shi kuma bai kai kashi 3 ba amma nan mai da ƙamshin suke. Manyan injinan kamfani suna ware dusa da idon su bar farin kaɗai, shi ya sa fulawa ke daɗewa a buhu ba ta lalace ba, shi ya sa kuma ba ta da wani ƙamshi. Dutse kuwa murje su yake gaba ɗaya, man ya bi garin. Duk wadda ta taɓa cin alkubus ko finkaso na garin da anka niƙa da safe ta san abin da nike nufi, tun daga bakin zaure ake jin shi.

Game da tsohon iri kuma, gara mu faɗa wa juna gaskiya. Akwai irin alkama na tun farkon noma, irin su ainkon da anka fara nomawa a kudu maso gabashin Turkiyya wajen shekara 10,000 da sunka wuce, da ema wadda ita ce alkamar Misira zamanin Fir'aunoni kuma har yau ana nomanta a Habasha, da sifelt ta Turai, da alkamar Kurasan mai manyan ƙwaya da ake saidawa da sunan Kamut. Ukun farko ƙwayarsu na manne cikin ƙaiƙayi, sussuka kaɗai ba ta fidda ita, sai an sake surfawa, don haka in za ki saya ki tabbatar wadda anka riga anka ɓare ce. Mu kuma a nan muna da tamu 'yar gida da anka daɗe ana nomawa a fadamu da jigo tun kafin zuwan Turawa, sai dai yawancin abin da ake aunawa yanzu a kasuwa da sunan 'yar gida, ko daga gonakin Bakolori ta fito ko fadamun Kebbi, sabbin iri ne irin su Atilla da Norman da Reyna da sunka biyo ta hannun cibiyar binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri. Ba laifi gare su ba, suna da kyau ƙwarai a dutse. Amma in tsohon iri kike nema to ba a wurin ɗan kasuwa za ki tambaya ba, tsohon manomi za ki nema wanda ke ajiye irinshi shekara da shekaru. Sannan kar wani ya ruɗe ki: duk ire-iren nan suna da danƙon alkama, wato gulutin, wanda likita ya hana ma alkama saboda ciwon siliyak, ciwon hanjin da gulutin ke tayarwa, tsohon iri ma ya hanu gare shi.

Ma'aunin da zan bi

Abu biyar nike dubawa. Na ɗaya laushin gari, da ko niƙan na gasa shi, don garin da ya fito da zafi sosai ƙamshinshi na raguwa. Na biyu kuɗi, na saye da na kullum. Na uku ƙarko, da wa zai gyara in ya lalace. Na huɗu wahala, wato lokaci da ƙarfin jiki. Na biyar, wanda ni a wurina ya fi sauran nauyi, abin da ka iya shiga cikin garin ya cuci yara. Kafin ki karanta sauran ki tambayi kanki tiya nawa gidanki ke ci a mako, don amsar wagga tambaya kaɗai za ta fidda miki rabin zaɓin.

Dutsen niƙa na gargajiya

Uwar dutse da ɗanta, a durƙusa a tura a jawo. Wajen ɗanɗano ban ga abin da ya kai shi ba, saboda niƙan a hankali yake tafiya, gari ba ya ɗaukar zafi ko kaɗan, kuma hannunki ne ke iko da komai: kina son ɓarza don dashishi ki sassauta, kina son laushi ki yi maimai ki tankaɗe ki maida tsakin. Kuɗinshi kaɗan ne, sau da yawa ma yana nan jingine a bayan ɗakin wata tsohuwa ana aza buta a kai. Ba wuta ba fetur. Ƙarko kuwa sai dai a gada, abin da yake buƙata kawai in ya yi sulɓi a koɗa shi da makoɗi don ya samu kaifi.

Amma jama'a, wahala. Alkama ba gero ba ce, tana da tauri, balle Kamut da danginta masu ƙwaya kamar gilashi. Tiya guda za ta iya cinye miki safiya sukutum, kuma baya da gwiwa ne ke biya. Ba yau anka fara ba: a wani tsohon ƙauye da anka tono a Siriya mai suna Abu Huraira, masu bincike sun ga alamun lalacewa a ƙasusuwan yatsun ƙafa da gwiwa da ƙugun mata, kuma sunka danganta shi da durƙuson niƙa na kullum. Iyayenmu da ke waƙa a bakin dutse suna rage ma kansu nisan aiki ne. Don haka maigida, in kai ne ke sha'awar garin dutse, kar ka ɗauko dutse ka dire ma matarka ko 'yarka ka ce a riƙa niƙa ma gida duka, wannan ba adalci ba ne.

Haɗarinshi tsakuwa ce. Dutse mai taushi ko wanda anka koɗa yanzu-yanzu yana zubar da ƙasa-ƙasa cikin gari, za ki ji shi ƙaras-ƙaras a haƙori, kuma in abin ya daɗe yana cinye haƙora, an ga haka a haƙoran gawawwakin Misirawan da. Maganin shi ne a zaɓi dutse mai tauri, bayan kowane koɗi a wanke a shanya, a fara niƙa ɗan hatsi a ba kaji kafin a sa na ci. Kuma dutsen da ake markaɗa tattasai da daddawa ba shi ne na alkama ba, a raba su.

Dutse mai juyawa na hannu

Wanga faifan dutse biyu ne zagayayyu, ɗaya bisa ɗaya, na saman da rami a tsakiya da ake zuba ƙwaya da kuma ɗan sanda da ake kamawa a juya, gari na zubowa ta gefe. Shi ne Indiyawa ke yin garin capati, wato gurasarsu, da shi a ƙauyukansu, kuma ya haura shekara 2,000 a duniya. Ya fi namu sauri nesa ba kusa ba, a zaune ake aiki ba a durƙushe ba, nauyin dutsen ne ke yin niƙan, hannu juyi kawai yake, har mutum biyu na iya kamawa tare. Gari na fitowa da sanyi kamar na dutsenmu. In da a ce yana samuwa cikin sauƙi da shi zan ce ma kowa ya saya, to matsalar ke nan, ba kasafai ake ganinshi a kasuwanninmu ba, sai an sa wani ya taho da shi, ga nauyi, kuɗin dakon ma na iya fin kuɗin dutsen. Masu sassaƙa dutse na iya gwadawa amma in fuskokin biyu ba su zauna daidai ba ko ba a yi ma su tsaga-tsagan da ke tura gari waje ba, ɓarza kawai za ki riƙa samu. Ki kiyayi wanda anka zuba da siminti anka shafe ya yi kama da dutse, ki ƙwanƙwasa ki karce gefenshi da ƙusa kafin ki biya.

Injin dutse na lantarki

Nan ne ido ke rufewa. Ƙananan injina ne da ake azawa bisa tebur, sanannu a ciki akwai Mockmill da Hawos na Jamus da KoMo na Ostiriya. Dutsen cikinsu ba na tsauni ba ne, haɗi ne na wani ma'adini mai tsananin tauri da anka gasa da yumɓu, shi ya sa ba ya zubar da tsakuwa kuma ba ya buƙatar koɗi. Ƙaramin Mockmill na cin wat 360, yana niƙa wajen giram 100 a minti guda, ke nan kilo ɗaya cikin minti goma, kina tsaye kina wani aikin. Akwai abin murɗawa daga ɓarza har laushi liƙis. Gari na fitowa da ɗumi amma ba zafin da zai ɓata shi ba, in dai ba an bar injin yana ta aiki ba hutu a tsakar zafin Afrilu.

Kuɗi fa? A can inda ake ƙera su farashin na farawa ne daga wajen dala 300 zuwa sama, ki ɗora kuɗin jirgi da kwastan, ki juya a naira a canjin yau, za ki ga ba abin da ake saye da ganin ido ba ne. Ƙarkonshi na da kyau, ana shekaru ana mora, amma ranar da wani abu ya ƙone a ciki ba ki da wurin sayen kayan gyara a Gusau ko Birnin Kebbi, garantin kamfani kuma sai kin maida shi ƙetare. Abin da ke kashe shi a wurinmu uku ne. Wuta mai hawa da sauka, don haka sitabilaiza dole ne. Sai kuskuren sayo na Amurka mai bolt 110, alhali wutarmu 230 ce, ana jonawa ya tafi, ki jaddada ma mai sayo miki cewa na Turai kike so. Sai ɗanyar ƙwaya ko mai maiƙo: gyaɗa, riɗi, jiƙaƙƙen wake, duk suna liƙe dutsen ya koma sulɓi. In ya liƙe ana ɓarza busasshiyar shinkafa a ciki ta wanke shi, ba a sa ruwa.

Wadda ke da sola ita ta fi kowa cin moriyarshi, don minti goma na wat 360 ba wani abu ba ne wurin batir, sai dai moton injin na jan wuta da ƙarfi lokacin tashi, ki nuna ma mai haɗa miki sola takardar injin ya duba ko inbatarki za ta ɗauka.

Injin hannu na ƙarfe

Irin Corona ɗin nan da ake ɗaurewa a bakin tebur ana markaɗa wake, asalinshi daga Kolombiya an yi shi ne don masara. Yana da arha, ana samunshi, ba ruwanshi da wuta. Don ɓarza alkamar dashishi ko kunu ya wadatar. Amma laushin alkubus ko gurasa ba zai ba ki ba sai kin maimaita sau da yawa kina tankaɗewa, in kuma kinka matse farantan don ya yi laushi sai su fara cin juna, ki ga baƙi-baƙi a gari. Jabunshi sun cika kasuwa, fentin azurfar da ke jikinsu na ɓarewa ya bi abinci. Bilenda kuwa ban ma sa ta a lissafi ba, kofin niƙa busasshe na iya yin gwangwani ɗaya, fiye da haka za ki ƙona ta.

Injin unguwa

Ba na gida ba ne amma dole a sa shi, don da shi ake auna sauran. Sauri ba a magana, ba ki sayi komai ba, kuɗin niƙa kawai, shi ma yana bin farashin man dizal. Ga mai biki ko mai sana'ar alkaki da ke buƙatar kwano da yawa a rana, babu makawa sai shi. Aibinshi, farantan ƙarfe ne ke gugar juna da gudu, gari na fitowa da zafin da hannu ba ya jurewa, farantan na cinyewa a hankali har sai an kai su wasawa, to ina ƙarfen da ya cinye ya tafi? Cikin gari. Ga ragowar dawa ko masarar wadda ta riga ki, ga wanda ke maƙalewa a ciki. Ki sayo tsohon iri da tsada ki kai nan, rabin dalilin sayen ya tafi. In ya zama dole, ki je da sassafe inji bai yi zafi ba, ki ce a ware miki garin farko daban, kina dawowa ki baza shi a faranti ya huce kafin ki rufe.

Maganar da ba zan tsallake ba

Mu mutanen Zamfara mun san abin da ya faru a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Bagega da Yargalma, an riƙa daka da niƙa duwatsun zinari a cikin gidaje da turame da injinan niƙa irin na hatsi, ƙurar dalma ta cika tsakar gida, yara sama da 400 sunka rasu, Allah Ya jiƙansu, wasu da dama kuma abin ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Dalma ba ta da wari ba ta da ɗanɗano, kuma ta shige ramukan dutse wanki ba ya fidda ita duka. Don girman Allah kar ki sayi dutse ko inji ko faranti da wani ya riga ya yi aiki da shi wanda ba ki san tarihinshi ba, komai arharshi, kuma kar ki kai hatsinki injin da kike zargin ana sa mishi dutsen haƙa. Wanga kaɗai ya isa ya sa wasu gidajen mallakar abin niƙansu.

Haka maganin ƙwari. Tunda da dusa za ki ci, duk abin da anka barbaɗa ma buhu yana jikin dusar. Ki sayi alkama lokacin girbi, wajen Maris, kai tsaye daga manomi, ki adana a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ɗaurewa iska ba ta shiga, ko jarka mai murfi, ba sai an sa magani ba.

Ga su a jere

| Abin niƙa | Laushi | Kuɗi | Ƙarko | Wahala | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Dutsen gargajiya | Mai kyau in an yi maimai | Kaɗan | Har jikoki | Mai yawa ƙwarai | Tsakuwa, ciwon baya |
| Dutse mai juyawa | Mai kyau | Matsakaici, dako ke da tsada | Har jikoki | Matsakaiciya | Jabun siminti |
| Dutsen lantarki | Ya fi duka | Mai yawa sosai | Shekaru, amma ba mai gyara kusa | Kusan babu | Wuta ta ƙona shi |
| Injin hannu | Ɓarza ya fi iyawa | Kaɗan | Gwargwado | Mai yawa | Ɓarɓashin ƙarfe da fenti |
| Injin unguwa | Mai kyau amma da zafi | Biya kowane zuwa | Ba naki ba ne | Zuwa da layi | Ƙarfe, gauraya, dalma a yankin haƙa |

Ko wanne kinka ɗauka, shirin ƙwaya ɗaya ne. A tsince tsakuwa da hannu a faifai, don ƙwaya ɗaya ta tsakuwa na iya fasa dutsen lantarki. In kin wanke to sai ta bushe ƙarau, ki gwada da haƙori ko ki danna da bayan cokali, in ta fashe da ƙara ta yi, in ta lotsa a maida ta rana. Da hunturu wannan ba matsala ba ne, da damina ne ake shan wuya. Kuma ki niƙa na kwana kaɗan kawai, saboda man nan da ke ba shi daɗi shi ne ke saurin juyawa a zafinmu, gari ya fara ɗaci-ɗaci da warin tsohon mai, alhali ƙwayar da ba a niƙa ba tana shekara lafiya lau. Garin gida ya fi fulawa shan ruwa, ki ƙara ruwa ki bar kwaɓin ya ɗan huta kafin ki yanke hukunci. Ainkon kuma akasin haka take, ba ta son ruwa da yawa, kwaɓinta na manne hannu kuma ba ya tashi sosai, ta fi dacewa da fanke da kunu bisa ga burodi.

To wa ya dace da wanne?

In ku kaɗan ne a gida, alkama kuma ta marmari ce, kunun yaro ko finkason Juma'a, dutsen gargajiya ya ishe ki, ki nemi na gidanku wanda kinka san abin da anka niƙa a kai. In gidan na cin alkama sau da yawa a mako kuma wuta ba ta zama a unguwarku, ki dage ki nemo dutse mai juyawa, kafin ya samu ki haɗa biyu: ki ɓarza da injin hannu, ki ƙarasa laushin a dutse, aikin na raguwa sosai. In kina da sola mai ƙarfi, ana cin garin alkama kusan kullum, ko akwai dattijo a gidan da tuwon alkama ne abincinshi, kuma kuɗin ba bashi za ki ci ba, injin dutse na lantarki zai biya ki, musamman in ku biyu ko uku ne makwabta za ku haɗa kuɗi ku ajiye shi wurin mai wuta. In dashishi da kunu kawai kike so, injin hannu na asali, kar ki matse farantan. Mai sana'a da mai hidimar biki kuwa injin unguwa, amma wurin mutumin da kinka sani kinka yarda hatsi kaɗai yake niƙawa, in da hali ki sa ya ware miki ranar da zai fara da alkamarki kafin ta kowa.